Daji a Kan Falalen Dutse: Tarihin Kurmin Momiji na Jafanawa

Idan muka ce akwai dajin da mutum biyu za su iya ciccibawa su ɗora a kan teburi, mai karatu zai ɗauka tatsuniya muke shirin yi. Amma akwai shi. A lambunan bonsai na ƙasar Jafan ana samun falalen dutse wanda tsawonsa bai wuce kamu biyu ko uku ba, kaurinsa kuwa kamar na faifai biyu a haɗe, a kansa itatuwa bakwai ko tara ko goma sha ɗaya suna tsaye, kowanne da gindinsa da rassansa, ƙarƙashinsu gansakuka ta shimfiɗu kamar ciyawar damina. Babu tukunya, babu ƙasa mai zurfi. Idan watan Nuwamba ya kama sai ganyen ya rine ja jawur, ya zube a kan dutsen, kamar yadda yake yi a duwatsun da ke kewaye da birnin Kiyoto.

Itacen da ake wannan aiki da shi Jafanawa na kiransa momiji ko kaede. Ɗan uwa ne ga itacen da ganyensa ke jikin tutar Kanada, sai dai nasa ganyen ƙarami ne, mai yatsu biyar zuwa bakwai. Asalin kalmar kaede ma daga "hannun kwaɗo" ta fito, saboda kamannin ganyen. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Peter Thunberg, wanda ya zauna a Jafan tsakanin 1775 da 1776, shi ya raɗa masa sunan da masana ke amfani da shi har yau, Acer palmatum, wato mai kama da tafin hannu.

Yadda aka yi daji ya hau kan dutse labari ne mai tsawon fiye da shekara dubu, kuma girgizar ƙasa da yaƙi da yunwa duk suna da hannu a cikinsa.

Daga kabarin wani yarima

A ƙasar Sin abin ya faro. A shekarar 706, lokacin da Walid ɗan Abdulmalik ke halifanci a Dimashƙa, aka sake binne wani yariman daular Tang mai suna Li Xian a maƙabartar sarakuna ta Qianling, a lardin Shaanxi na yanzu. Mahaifiyarsa, Sarauniya Wu Zetian, ta kore shi daga fada, ya mutu a gudun hijira a 684. Da masu tonon tarihi suka buɗe kabarin a farkon shekarun 1970, sai suka tarar da zane a bango: barorin fada ɗauke da faranti, a cikin farantin ƙananan duwatsu da ƙananan itatuwa. Wannan zane yana cikin tsofaffin shaidun da muke da su na sana'ar da Sinawa ke kira penjing, wato shimfiɗar ƙasa a cikin faranti.

Abin lura a nan shi ne tun ran gini tun ran zane, dutse da itace tare suka zo. Masu ilimin Sin na wancan zamani suna ganin dutse da ruwa su ne ƙashin bayan kowace shimfiɗar ƙasa. Ma'aikacin fada da aiki ya ɗaure a birni, wanda ba shi da halin zuwa tsaunuka, sai ya sa a kawo masa tsaunin a faranti ya ajiye kusa da littattafansa.

Daga Sin abin ya tsallaka teku zuwa Jafan ta hannun jakadu da 'yan kasuwa da malaman addinin Buda. A wani doguwar takardar zane mai suna Kasuga Gongen Genki, wadda aka kammala a 1309, shekara goma sha biyar kafin Mansa Musa ya tafi hajjinsa, ana ganin ƙananan itatuwa a cikin kasake an jera su a kan benci a farfajiyar gidan wani mai hali. A lokacin Jafanawa ba su fara ce musu bonsai ba tukuna. Hachi no ki suke cewa, itacen cikin kwano.

Akwai wani tsohon wasan kwaikwayo nasu mai wannan suna da ke nuna mana darajar abin a idonsu. Wani jarumi da talauci ya kassara ya sauki wani baƙo matafiyi a daren da ƙanƙara ke zuba. Ba shi da makamashi, sai ya sare itatuwan kwanonsa guda uku, waɗanda su kaɗai suka rage masa daga zamanin wadata, ya hura wuta don baƙon ya ji ɗumi. Ashe baƙon Hojo Tokiyori ne, wanda ya riƙe ragamar mulkin ƙasar daga 1246 zuwa 1256, yana yawo a ɓoye cikin shigar masu ibada. Daga baya ya mayar wa jarumin da gonakinsa, ya ƙara masa da gundumomi uku, ɗaya a madadin kowane itace. Labarin almara ne, amma masu kallo sun gane nauyin kyautar ba tare da an yi musu bayani ba: mutumin ya ƙone aikin shekaru masu yawa cikin dare ɗaya.

Ita kalmar bonsai sai a ƙarni na 19 ta kankama. Bon faranti ne, sai kuwa shuka. A wannan ƙarnin ne kuma mutanen Turai suka fara ganin abin da idonsu, a manyan bukukuwan baje koli na Faris a 1878 da 1889 da 1900, sannan a Landan a 1910. Da yawansu sun zaci wani irin itace ne na daban wanda Allah ya halitta wada. Ba haka ba ne. Irin da ke cikin kasko shi ne irin da ke cikin daji, kuma da za a mayar da shi gona a ƙyale shi, da zai miƙe ya nemi tsawon danginsa.

Girgizar ƙasa da ƙauyen Omiya

Ran 1 ga Satumba, 1923, da tsakar rana, girgizar ƙasa ta afka wa Tokiyo da Yokohama. Lokacin girkin rana ne, wuta na ci a murhu a kowane gida, don haka gobara ta biyo baya. Mutum fiye da dubu ɗari suka rasu. Masu renon bonsai da ke cikin birnin, waɗanda dama hayaƙi da cunkoso sun fara damunsu, sai wasunsu suka yanke shawarar ƙaura. A 1925 suka kafa unguwa tasu a Omiya, arewa da Tokiyo, inda akwai ruwa mai kyau da iska mai tsabta da fili.

Dokokin da suka kafa wa unguwar sun isa a ji su. Duk mai son zama a cikinta sai ya mallaki bonsai aƙalla goma. Sai ya bar ƙofar lambunsa a buɗe ga masu zuwa kallo. Ba a gina bene, don kada wani ya tare wa itatuwan maƙwabcinsa rana. Ba a yin katanga, sai shingen shuka. Kafin shekara goma ta cika, lambunan sana'a a wurin sun kai kimanin talatin. A 1934 kuma aka buɗe baje kolin Kokufu a gidan adana zane-zane na Tokiyo da ke Ueno, wanda ya ɗaga bonsai daga aikin lambu zuwa sahun fasaha, kuma har yau shi ne mafi girman daraja a ƙasar.

Cikin waɗanda suka tare a Omiya akwai Tomekichi Kato, mai lambun Mansei-en, da ɗansa Saburo wanda aka haifa a 1915. Su ne suka yi suna wajen gano yadda ake raya wani itace mai ganyen allura da ake ɗebowa daga tsibiran arewa masu tsananin sanyi, wanda a da yakan mutu a hannun masu reno bayan 'yan shekaru. Da shi Saburo ya ƙware a dasa itatuwa da yawa wuri ɗaya, salon da ake kira yose-ue, da kuma dasa su a jikin dutse, wanda ake kira ishitsuki.

Abin da yaƙi ya bari

Bonsai ba ya iya jira. Itacen da ke cikin ƙasar da ba ta fi cikin tafi biyu ba, idan aka hana shi ruwa kwana uku a tsakiyar zafi, ya tafi ke nan, ko da shekararsa ɗari uku. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samarin da ke ɗaukar bokiti. Abinci ya yi ƙaranci, aka riƙa yi wa mai bayin ƙananan itatuwa kallon marar kishin ƙasa, tunda ga fili ga hannu amma bai shuka dankali ba. A Maris na 1945 jiragen Amurka suka ƙone babban ɓangare na Tokiyo. Yawancin lambunan Omiya sun rufe, tsofaffin itatuwan da aka gada kaka da kakanni suka bushe a kan bencinsu. Tomekichi Kato ya rasu a 1946, ya bar wa ɗansa abin da ya saura.

A nan ne tarihin dajin kan dutse ya ɗauki sabon salo. Kafin yaƙi, abin alfaharin mai bonsai shi ne tsohon itace tilo, mai kaurin gindi, wanda iska da ƙanƙara suka murɗe a kan tsauni kafin a haƙo shi. Irin wannan sai masu kuɗi da 'yan gado. Bayan yaƙi ya yi wuyar samu, masu saye kuma aljihunsu ya bushe. Abin da ke akwai shi ne ƙananan dashe 'yan shekara uku zuwa biyar, masu arha, da duwatsu waɗanda wuta ba ta ci.

Ɗan dashe siriri shi kaɗai a kasko ba abin kallo ba ne. Amma a tara tara ko goma sha ɗaya, a jera su da hikima, nan take ido zai ga kurmi. Wani mai suna Toshio Kawamoto, shi ma ɗan mai sana'ar ne, ya gina makaranta guda a kan wannan tunani, ya kira ta saikei: a haɗa ƙananan dashe da duwatsu a fitar da kwari ko gaɓar teku ko tsibiri. Littafinsa ya fito da Ingilishi a 1967. Saburo Kato kuma ya wallafa nasa a kan dasa daji da dasa kan dutse a 1963. Ta wannan hanya ma'aikacin da ke zaune a ɗan ƙaramin gida ya sami shiga sana'ar da a da ta fi ƙarfinsa. Momiji ya dace da wannan aiki ƙwarai, domin yana tsirowa daga iri cikin sauƙi, yana saurin girma, saiwoyinsa sirara ne masu bazuwa a kwance, kuma yana jure aski.

Akwai kuma dalilin zuciya. Tun zamanin da fadar sarki ke Kiyoto, fiye da shekara dubu da suka wuce, Jafanawa ke da al'adar fita kallon jan ganye a lokacin kaka, suna kiranta momijigari, farautar momiji. Wanda ya dasa kurmin momiji a kan dutse ya kawo wannan fita cikin tsakar gidansa.

Yadda ake kafa dajin

Aikin yana farawa shekara biyu ko uku kafin a taɓa dutsen. Ana renon dashen kowanne a kaskonsa, a yanke uwar saiwar da ke nitsawa ƙasa, don sauran su bazu kamar yatsun hannu a kan tabarma. Gwanaye sun fi son dashen da suka fito daga uwa ɗaya, domin ganyensu ya zo da girma ɗaya, su kuma rine lokaci ɗaya. Idan aka gauraya, wani zai yi ja wani na kore, dajin ya zama kamar taron da ba a yi anko ba. Dole kuma su bambanta a kauri da tsawo: babba ɗaya, mataimaka biyu, sauran ƙanana.

Dutsen da ake nema shi ne mai faɗi, marar kauri, mai gefe a karkace kamar yadda aka tsince shi. Na yankin Kurama da ke arewa da Kiyoto sun yi suna. Tunda dutse ba shi da baki irin na tukunya, kuma ba abin da zai riƙe itace idan iska ta taso, sai a huda shi ko a manna masa wayoyi da siminti ko gam mai ƙarfi a wuraren da kowane itace zai tsaya. Daga nan sai a yi masa ganuwa. Akwai wata baƙar laka mai danƙo da ake haƙowa a fadamu, inda ciyayin ruwa suka ruɓe shekara da shekaru, sunanta keto. Ana kwaɓa ta da gansakuka da wata jar ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa da ake kira akadama, wadda asalinta tokar aman wuta ce ta yankin Kanto. Da wannan kwaɓi ake zagaye gefen dutsen, kamar yadda mai gini ke ɗora tubali, a bar 'yan kafofi don ruwa ya fita.

Ana dashen ne wajen watan Maris, lokacin da sanyi ya fara janyewa, toho ya kumbura amma bai buɗe ba. Babban itacen shi ake fara kafawa, kuma ba a tsakiya ba, sai wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon dutsen, ɗan gaba kaɗan. Mataimakan su biyo, ɗaya kusa da shi har saiwoyinsu na cuɗanya, ɗaya nesa. Ƙananan kuwa a baya da gefe ake kai su. Dabarar ke nan da ke yaudarar ido: tunda abin da ke nesa ƙarami yake bayyana, sai mai kallo ya ga kamar dajin ya yi zurfi, alhali faɗinsa bai fi taki ɗaya ba. Ba a yarda itace uku su tsaya a layi ɗaya, ko a duba ta gaba ko ta gefe, ba a kuma yarda tazarar da ke tsakaninsu ta zama iri ɗaya, domin da an yi haka ya zama gona. Adadin ma mara ne, biyar, bakwai, tara. Huɗu kam ana ƙaurace masa, saboda a harshensu lafazin huɗu ya yi daidai da na mutuwa. Sannan a bar wani sashe na dutsen fili ba komai, ya zama kamar saura ko bakin rafi inda ido zai huta.

Idan kowanne ya sami mazauninsa, sai a ɗaure saiwoyin da wayoyin nan, a zuba akadama, a riƙa tsokana da ɗan tsinke har ƙasar ta cike kowane gurbi. A ƙarshe a lulluɓe ganuwar da gansakuka don kada ruwan bayi ya wanke ta. Bayan shekara biyu ko uku saiwoyin duka za su sarƙe su zama tabarma guda, ta yadda za a iya ɗaga dajin gaba ɗaya daga kan dutsen.

Bayan dashe

Nan ne aikin gaske yake. Ƙasar ba ta da zurfi, dutsen kuma yana ɗaukar zafi, ga iska na bugun ta ta kowane gefe. A watannin Yuli da Agusta, lokacin zafin Jafan, sai an yi bayi sau biyu ko uku a yini. Ganyen momiji marar kauri ne, ranar la'asar da busasshiyar iska na ƙona masa baki, don haka ana ba shi hantsi a kare shi daga sauran. Taki kaɗan-kaɗan ake sa masa, yawanci dunƙulen tunkuzar irin da aka matse mansa, domin idan ya ƙoshi da yawa sai ya yi dogayen gaɓoɓi da manyan ganye, kamannin tsufan ya ɓace.

Da sabon toho ya buɗe, ana tsinke tsakiyarsa da ɗan hantsaki don reshen ya tsaya gajere ya rabu biyu. Rassan da suka juya cikin dajin ana cire su, a bar masu neman haske ta waje, kamar yadda itatuwan kurmi ke yi da kansu. Wani lokaci a farkon zafi akan aske wa itace mai ƙarfi ganyensa don ya fito da sababbi ƙanana. Inda ake son reshe ya karkata, sai a naɗa masa waya, galibi ta alminiyam saboda ɓawon momiji ba ya son wuya, a kuma kwance ta kafin ta ci jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa, kuma babu inda maganar ta fi zama a zahiri kamar nan. Babban haɗarin daji shi ne na waje su danne na ciki. Idan ba a rage wa masu ƙarfi ba, raunanan za su mutu ɗaya bayan ɗaya a cikin inuwa, a bar giɓin da ba ya cikuwa da sauƙi.

Jan ganyen da ake duk wannan wahala dominsa yana zuwa ne idan rana ta gajarta, dare ya yi sanyi. Itacen sai ya janye koren sinadarin da ke ganyen, sukarin da ya rage kuma ya koma jan launi. Bayan ya zubar da ganye dole ya yi barcin hunturu na watanni cikin sanyi na sosai. Wannan ne ya sa momiji ba ya daɗewa a ƙasashe masu zafi irin namu. Masu sana'ar a irin waɗannan wurare da nasu itatuwan suke yi: a kudu maso gabashin Asiya ana yin bonsai da tsamiya da dangin ɓaure, a kudancin Afirka kuma da kuka.

Hannu bayan hannu

Bayan yaƙi sana'ar ta bazu a duniya. John Naka, Ba'amurke ɗan asalin Jafan da aka haifa a jihar Kolorado a 1914, ya kafa wani daji a faffaɗan kasko wanda ya kai itace goma sha ɗaya, kowanne a madadin jikansa ɗaya. Ya sa masa suna Goshin, mai tsaron ruhi, ya kuma bayar da shi kyauta a 1984. Yana nan a gandun itatuwa na ƙasa da ke Washinton. A wannan gandun ne aka ajiye bonsai 53 da Jafan ta bai wa Amurka a 1976, lokacin bikin cikarta shekara 200 da samun 'yanci. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake reno tun 1625, daga gidan Masaru Yamaki na Hiroshima ya fito. Yana tsakar gidan ran 6 ga Agusta, 1945, kimanin kilomita uku daga inda bam ɗin ya fashe, katanga ta kare shi. Mai kyautar bai faɗi wannan ba. Sai a 2001, da jikokinsa suka je ganin itacen, masu kula da shi suka ji labarin. Shi kuwa Saburo Kato ya rayu har ya ga an yi babban taron bonsai na duniya na farko a Omiya a 1989, ya rasu a 2008.

Idan muka lissafa, itacen Yamaki ya shekara ɗari huɗu a hannun mutane. A duk tsawon wannan lokaci babu makon zafi ko ɗaya da aka manta da shi, domin da an manta da ba mu same shi ba. Sunayen yawancin masu bayin sun ɓace, amma itacen shaida ne cewa kowannensu ya zo aiki.

A Janairun 2019 ɓarayi suka shiga wani lambu a Kawaguchi, ba nisa da Omiya, suka sace bonsai bakwai, ciki har da wani mai kimanin shekara ɗari huɗu. Saƙon da matar mai lambun ta wallafa a Facebook ya zagaya duniya, domin bayan baƙin cikin da ta bayyana, roƙon da ta yi wa ɓarawon shi ne ya riƙa ba itacen ruwa, don ba zai kai mako ba tare da shi ba.

Dajin momiji na kan dutse ya fi wannan itace rauni, tunda ƙasarsa ta fi ƙanƙanta, ganyensa kuma ya fi shan ruwa. Wanda ya dasa shi yau da dashe 'yan shekara biyar ya san cewa sai bayan shekara ashirin ko talatin ɓawon zai yi furfura, rassan su yi laushi, kurmin ya yi kamar ya daɗe a duniya. Da yawa cikin masu dasawa ba sa kai wa wannan rana. Shi ya sa a Omiya, inda lambunan da suka rage a yau ba su kai goma ba, tsofaffin masu sana'ar ke ɗaukar almajirai daga ƙasashen waje, su shafe shekara biyar ko shida suna koyo. Abin da ake fara danƙa wa sabon almajiri shi ne tsintsiya, sannan butar bayi. Almakashi sai daga baya.